A Mayar wa Jumma da 'Yarta

Daga:
Shu'aibu Hammayo,
Dubagari mai ritaya,
Layin Injin Niƙa, Tumfure,
Gombe.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido kan Asibitocin Unguwanni,
Gombe.

Litinin, 24 ga Agusta, 2015 (9 ga Zulƙida, 1436)

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DUKAN DA AKA YI WA MALAMA JUMMA BAMANGA A ƘOFAR ƘARAMIN ASIBITIN GINDIN ƊORAWA, DA RIƘE 'YARTA DA AKE YI HAR YAU

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙarami ga babba, da fatan Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya, Ya ba shi ikon sauke nauyin jama'a da ke wuyansa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin Malama Jumma, matar Bamanga, mazauniyar rugar da ke bayan gonakin Tumfure. Ita ba ta rubutu, Hausarta ba ta da yawa, bakinta kuma bai gama warkewa ba.

Abin da ya hana ni jiran a neme ni shi ne, an shaida mana cewa ranar Litinin mai zuwa, 31 ga Agusta, za a ɗauki 'yarta mai shekara uku daga asibitin da na ambata, a miƙa ta gidan marayu da sunan yarinyar da ba a san iyayenta ba. Ranka ya daɗe, uwarta na da rai. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gidana yanzu da nake wannan rubutu.

Ni na yi aikin dubagari tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, kuma ina cikin kwamitin lafiya na unguwarmu, ko da yake ba a cika tunawa da mu ba sai ranar ɗaukar hoto. Ƙarshen abin da ya faru na gani da idona. Farkonsa na samo daga bakin Jumma, da Fulatanci, a gaban mai ɗakina Suwaibatu, da kuma bakin Malama Chizoba, wadda aka fi sani da Maman Obioma, mai shagon kayan masarufi da ke fuskantar asibitin. Duk a shirye suke su maimaita a gaban kwamiti.

Kafin in shiga ƙorafin, akwai abin da ya kamata in shimfiɗa. Mai Girma ɗan Gombe ne, ba ni zan koya masa filako ba, amma takarda kan faɗa hannun wanda bai sani ba. A ruga mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta cewa nata ne. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Da an yaye shi ake miƙa shi ga kakarsa. Haka aka yi da 'yar Jumma: uwar Bamanga, wadda kowa ke kira Goggo, ita ta raine ta, a ɗakinta take kwana, har yarinyar ta tashi tana kiran uwarta Adda, wato yaya. Jumma ta yi shekara da shekaru tana kawo nono layinmu, mai ɗakina ta sha zolayarta ta faɗi sunan yarinyar, ba ta taɓa samun komai ba sai murmushi da rufe fuska da faifai. Wannan ba rashin so ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohuwa ya san haka.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. ƘOFA BIYU DA AKA YI WA ASIBITI ƊAYA

Bayan bama-baman da suka tashi a kasuwa jajibirin ƙaramar Sallah, da waɗanda suka biyo baya a tashoshin mota, shugaban asibitin, Malam Abdulgafar, ya ɗauko samari 'yan sa kai ya ajiye a ƙofa, ya ba su sanduna da na'urar laluben ƙarfe. Ban ga laifinsa a nan ba. Dukanmu mun yi jana'iza a watan nan, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Inda na ga laifi shi ne yadda aka raba jama'a. Mai mota yana shiga ta babbar ƙofa, a ɗaga masa hannu, a ce masa sannu da zuwa, ba a buɗe ko but ɗinsa. Matan ma'aikata da ke sababbin gidaje su wuce da jakunkunansu kamar za su biki. Amma matan ruga, da 'yan gudun hijira da ke zaune a kangaye, da duk wanda ƙafarsa ta zo da taɓo, an ce su zagaya baya, inda ake zubar da shara, su tsaya a waje har a gama da 'yan gari. Babu rumfa, babu benci. Na yi wa Malam Abdulgafar magana ranar 27 ga Yuli. Ya ce tsaro ne, ya ce mu tsofaffi ba mu san zamani ba. Wataƙila haka ne. Abin da na sani dai, ban taɓa jin an ce bam ba ya shiga mota ba.

Shugaban samarin wani ne mai suna Amir, wanda jiya-jiya ya ajiye kalare, wato dabar sara-suka ta garin nan. Ba a koya musu komai ba. An miƙa wa yaro sanda, an ce masa rayukan mutane na hannunsa, aka shige ofis aka rufe ƙofa.

2. TAMBAYOYIN DA AKA YI MATA RANAR LITININ, 3 GA AGUSTA

Yarinyar ta kwana tana amai da gudawa. Bamanga yana can da shanu, ya yi nesa da gonaki kamar yadda ake yi da damina. Goggo ƙafafunta sun daɗe da ƙin ta. Babu mai kai yarinyar asibiti sai uwarta, don haka Jumma ta haɗiye kunya ta goya ta, abin da rabonta da yi tun yaye. Ana yayyafi, sai ta lulluɓe ta da leda, ta ɗora mayafi a kai. Ta tako da ƙafa ta cikin gonakin masara, tana jin jikin yarinyar yana saki a bayanta. Ta ce tun a hanya ta daina jin motsinta, sai ɗumin numfashi a wuya, shi take bi tana ƙara sauri.

Ta iso ƙofar baya da hantsi, ta tarar da layi. Ba ta iya jira ba, ta matsa gaba. Amir ya tare ta da sanda, ya kai na'urarsa bayanta, na'ura ta yi ƙara. Ranka ya daɗe, abin da ya sa ta ƙara tsofaffin kwabbai ne na azurfa da Goggo ta kitsa wa yarinyar a gashi, irin waɗanda ke kan kowace 'yar ruga daga nan har Dukku.

Ya tambaye ta me ta goya, ta ce yarinya. Ya tambaye ta ko tata ce. Ga maza cike da wurin, ga dattawa a layi. Jumma ta sunkuyar da kai, ta ba da amsar da uwarta da kakarta suka bayar kafin ita: “Ta Goggo ce.” Ya ce to mene ne sunan yarinyar. Ta ja mayafi a fuska. Ya ce sunan mijinta fa. Ta ƙara jan mayafin.

Ina roƙon Mai Girma ya tsaya a nan kaɗan. A wajen Jumma, ta amsa da ladabin da ya fi kowane ladabi. A wajen yaran nan kuwa, ga mace ta rufe fuska, ga ƙunshi a bayanta na'ura tana kuka a kansa, ta ce ba nata ba ne, ba ta san sunansa ba, ba ta san sunan mijinta ba. Abin da ke cina a rai, Amir kansa kakarsa Bafulatana ce, na san ta, har ta rasu ba ta kama sunan ubansa ba. Da akwai babba ɗaya a ƙofar nan, mace ko namiji, da magana ta ƙare da dariya. Babu. Sai wani daga baya ya ƙwala ihu cewa mai bam ce.

3. DUKAN

Layi ya watse. Mata suka zubar da takalma, aka tattake wani tsoho mai ciwon ƙafa. Jumma ba ta gudu ba, don ba ta san da ita ake ba, ta waiwaya tana neman abin da ake gudu. Dutse na farko a goshi ya same ta. Wani ya ɗaura wuƙa a bakin gora, ya miƙa daga nesa ya tsinke majanyin. Yarinyar ta zame daga bayanta ta faɗi cikin taɓo, kowa ya kwanta yana jiran ƙara. Abin da aka ji shi ne kukan yarinya, siriri, irin na wadda ruwan jikinta ya ƙare.

A nan ya kamata kowa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ba ta haƙuri. Amma mutum in ya ji tsoro a gaban jama'a, sannan ya gane a banza ya ji, neman wanda zai huce a kansa yake yi. Da aka ga babu bam, sai aka sake mata laifi nan take. Aka ce ai da bakinta ta ce yarinyar ba tata ba ce, ashe ɓarauniyar yara ce, sato ta ta yi za ta kai wa mutanen daji masu tayar da bam. Waɗanda suka ruga da gudu su ne suka dawo da itace.

Sun doke ta da gora, da kulki, da faskare. Sun ja ta da kitso daga bakin ƙofa har kwalbati. Amir ya sa ƙafa ya take mata wuya, yana ce mata ta faɗi sunan yarinyar in har ta san ta. Wani ya buga mata bulo a baki, haƙoranta na gaba suka zube a ƙasa. An karya mata haƙarƙari, an karya yatsun hannun da ta kare kai da shi. Idonta na hagu har yau likita bai ce komai a kansa ba. An yage mata riga a gaban yaran da ba su wuce ƙannenta ba. Kuma duk wannan ba ta yi kuka ba, don an raine ta a kan cewa ba a kuka a gaban maza, sai shirun nata ya ƙara tunzura su, suna cewa a dubi taurin rai irin na waɗanda aka horar.

Ta gaya wa mai ɗakina cewa ba ta tuna zafin sandunan. Abin da take tunawa, kanta na ƙasa, tana hango hannun yarinyar a cikin taɓo, takalman mutane suna sauka kusa da shi, suna tashi. Ta ce sau da yawa sunan ya zo mata har maƙogwaro. Tana so ta kira ta, ta ce ta janye hannun, jini ya cika mata baki.

Daga nan aka turo taya daga wurin mai faci, aka karɓo galan daga hannun ɗan bumburutu. Maman Obioma tana shagonta tana gani. Matar nan a Gombe aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi ta wasunmu. Ta keta taron, ta faɗa kan Jumma ta rufe ta da jikinta. An zuba fetur ɗin a kansu su biyu. Sandar da aka nufi Jumma da ita ta karya mata hannu. Daga kwance ta riƙa kiran samarin ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na uwarsa, har ta zo kan shugabansu ta ce: “Amir, ɗan Uwa mai ƙosai, ni na goya ka ranar da uwarka ta yi ɓari. Ƙyasta ashanar, ka ƙone mu tare.” Hannunsa ya tsaya. A daidai lokacin na sauka daga keke, na iske su haka, warin fetur ya cika wurin, ruwan kwalbati ya yi ja. Na yi ta ihu cewa na san ta, mai nononmu ce. Sai ga motar jami'an tsaro, taro ya watse kamar ba a taɓa haɗuwa ba.

Ranka ya daɗe, na ga annoba a rayuwata, na ɗauki gawa da hannuna lokacin da danginta suka guje ta. Ban taɓa jin ƙyamar garinmu ba sai ran nan.

4. ABIN DA SHUGABAN ASIBITIN YA YI, DA WANDA BAI YI BA

Duk tsawon dukan, Malam Abdulgafar yana ciki. Tagar ofishinsa tana kallon ƙofar baya. Umarnin da ya bayar ɗaya ne: a sa kwaɗo, kada a buɗe wa kowa. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Jane, ita ta ƙi bin umarnin, ta fita ta ƙaramar ƙofa ta tsamo yarinyar daga taɓo, ta sa mata ƙarin ruwa. Da ikon Allah da hannun matar nan yarinyar ta rayu. Ina roƙon a rubuta mata wannan, domin na ji ana shirin ba ta takardar gargaɗi.

Jumma kuwa, tana kwance jina-jina a ƙofar gidan magani, ba a fito mata da ko auduga ba. A bayan mota aka tafi da ita. Jami'an tsaro sun bincika ba su sami komai ba, suka sake ta ranar Juma'a, 7 ga Agusta, bayan Arɗon rugarsu ya je ya tsaya mata. Daga can muka ɗauko ta zuwa gidana.

A rahoton da Malam Abdulgafar ya aika sama, wanda shi da kansa ya karanta mini yana taƙama, ya ce samarinsa sun ceto wata yarinya daga hannun matar da ake zargi. Ceto, ranka ya daɗe. Babu maganar fetur, babu maganar haƙora. Amir yana nan a ƙofa da sandarsa har yau da safe, an ma ɗinka masa sabuwar riga.

5. RIƘE YARINYAR

Ranar Litinin, 10 ga Agusta, muka je karɓar yarinyar: ni, da Bamanga da aka aika ya dawo daga wurin shanu, da Arɗo, da Goggo da aka ɗauko a amalanke. Malam Abdulgafar ya ce ba zai ba da ita ba sai da takardar haihuwa. Yarinyar a bukka aka haife ta, a hannun Goggo. Na tambaye shi yaushe rabon da asibitinsa ya aika ma'aikaci ruga ya yi wa jariri rajista. Ya ce wannan ba hurumina ba ne.

Muka koma ranar 17 ga wata da Jumma kanta, ana riƙe da ita. Da yarinyar ta hango ta daga ɗakin kwanciya, ta ƙwace daga hannun Sista Jane ta rugo tana kiran Adda, Adda, ta ƙanƙame mata ƙafa. Malam Abdulgafar ya juyo gare mu yana murmushi, ya ce to ga shi mun ji da kunnenmu, yarinyar ma ba ta ce mata uwa ba. Sannan ya zaunar da Jumma a kujera, a gaban surukarta, a gaban Arɗo, a gaban mijinta, ya ce ta faɗi sunan mijinta da na yarinyar, ta ce ita ta haife ta. Goggo tana kuka tana ce mata ta faɗa, an yafe mata. Arɗo ya juya baya don ya sauƙaƙa mata. Na ga leɓɓanta da ke ɗinke suna motsi. Ba ta iya ba. Abin da aka gina a mutum tun yana cikin zani ba ya rushewa don an daka masa tsawa a ofis.

Aka ɓamɓare yatsun yarinyar daga zaninta, aka koma da ita ciki tana shure-shure. Jumma ta kau da kai, yadda aka koya mata. Malam Abdulgafar ya ce mu dubi wannan, wace uwa ce za a raba da 'yarta ta kau da kai.

Zan faɗi abin da na fahimta, in na yi kuskure Allah Ya yafe mini. Mutumin nan ya san gaskiya. Mahaifiyarsa Bafulatana ce 'yar Kwami. Amma ranar da ya yarda cewa Jumma uwa ce, ran nan rahotonsa ya zama ƙarya, samarinsa suka zama masu yunƙurin kisa, shi kuma ya zama wanda ya kulle ƙofa yana kallo. Don haka gara masa a mayar da yarinya mai uwa da uba marainiya.

6. ABIN DA WANNAN YA JAWO WA LAFIYAR GARI

A nan zan yi magana da bakin sana'ata. Tun ranar 3 ga Agusta babu macen ruga da ta sake taka asibitin nan. 'Yan gudun hijira ma sun janye. Masu ciki sun daina zuwa awo, an daina kawo yara rigakafi. Amai da gudawa kuwa bai tsaya ba, yana nan yana bin bukkoki. Na je da ƙafata makon jiya, na tarar an binne yara, wasu na kwance ana ba su jiƙo. Na roƙi iyayen su kawo su asibiti. Wata tsohuwa ta ce mini gara ɗanta ya mutu a hannunta, ta san inda kabarinsa yake.

Lokacin da muke aiki, in annoba ta shigo, ba daga gidan mai kuɗi muke farawa ba. Rijiyar da ta fi kowace lalacewa muke nema, da unguwar da ba mai zuwa, domin daga can take tasowa. Ba tausayi ne ya koya mana haka ba, aikin ne. Matan nan da aka kora su ne ke kawo nono Tumfure da Manawashi, ƙwaryarsu har GRA tana shiga, ta ƙofar baya, a dama wa manya fura. Kwarin da suke wanki a cikinsa shi ke gangarowa ta bayan sababbin gidajenmu, inda yaranmu ke wasa. Cuta ba ta tsayawa a layi, ba ta zagayawa ta wurin shara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Asibitin da talaka ke tsoron ƙofarsa gini ne kawai da fenti. Ana iya cika shi da magani har rufi, in babu adalci a bakin ƙofa, maganin zai lalace a kwali, mu kuma mu yi ta haƙa kabari.

ABIN DA MUKE ROƘO

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi:

Na farko, kuma shi ne gaba da komai, a dakatar da kai yarinyar gidan marayu ranar 31 ga Agusta, a miƙa ta ga iyayenta. Arɗo da mai unguwarmu da ni kaina mun yarda mu sa hannu a kan duk abin da doka ta nema.

Na biyu, a binciki abin da ya faru, a saurari Maman Obioma da Sista Jane, a gyara rahoton da aka aika, a miƙa Amir da waɗanda suka ɗauko fetur ga hukuma. A duba kuma ko Malam Abdulgafar ya cancanci ci gaba da riƙe makullin gidan da marasa lafiya ke nufa.

Na uku, a ɗauki nauyin jinyar Jumma da ta Maman Obioma.

Na huɗu, a rufe ƙofar shara. In za a lalube mutane, a lalube kowa a ƙofa ɗaya, mai mota da mai ƙwarya, a kuma ajiye mace babba mai jin Fulatanci a wurin. A tura ma'aikata ruga da gishirin amai da gudawa tun kafin abin ya fi ƙarfinmu, kuma wani babba ya bi su ya ba da haƙuri, don ba za a buɗe musu ba in ba haka ba.

Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe. Mai Girma zai lura cewa tun farkon takardar nan ban rubuta sunan yarinyar ba. Na san shi, Goggo ta gaya mini. Na bar shi ne don ganin uwarta na zaune kusa, ina kuma karanta wa mai ɗakina abin da na rubuta tana juya mata da Fulatanci. Da aka zo inda aka ce ranar Litinin za a tafi da ita, Jumma ta dafa bango ta miƙe. Ta tako har bakin zaure inda nake, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a gabana, ni namiji, sa'an ubanta, ta cire mayafi daga bakinta. Ta ce in rubuta cewa ita ta haife ta, ranar wata Alhamis, da kaka. Sannan ta faɗi sunan. Bai fita daidai ba saboda haƙoran da babu, sai ta sake faɗa, ta kuma sakewa, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Mai ɗakina ta toshe baki ta shige ɗaki. Ni na sunkuyar da kai, don na san abin da aka ƙwace mata kafin ta iya faɗinsa.

Ta ce in shaida wa Mai Girma a kira ta ko'ina, a tara duk mazan da ake so, za ta faɗa. Abin da gora da fetur ba su fitar daga bakinta ba, ga shi ta kawo da kanta. Ba ta da sauran abin bayarwa.

Sunan yarinyar Halimatu Sadiya. Uwarta Jumma. Tana jira a tsakar gidana.

Ina roƙon afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri, tsufa ne da abin da ido ya gani. Allah Ya ja zamanin Mai Girma, Ya sa a gama lafiya, Ya zaunar da garinmu.

Ni ne mai biyayya gare ka,

(sa hannu)
Shu'aibu Hammayo
Dubagari mai ritaya, ɗan kwamitin lafiya na unguwa, Tumfure

(dangwalen babban yatsan dama, na hagu yana ɗaure)
Jumma Bamanga, mahaifiyar Halimatu Sadiya